Saniyar da Kika Ba Ummi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, tare da durƙuso har ƙasa irin wanda na saba yi miki daga bakin ƙofa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima da hasken kabari. Ni ne Auwalu. Na faɗi sunan da kaina ne don na san ke ba za ki faɗa ba, ko da an ba ki damar amsa wannan takarda.

Shekara shida ke nan da muka kai ki makwancinki a Tudun Kaya, ban taɓa rubuta miki komai ba. Da kina raye ma ai ba hira muke yi ba. In zo in gaishe ki, ki amsa kina kallon ƙwaryar da kike wankewa, in tashi in tafi. Jikarki Ummi ce ta matsa mini in yi wannan rubutu, in kuma sa shi inda mutane za su gani, wai shirun da na yi ya isa haka. To ga shi ina yi, amma da ke nake magana. Wanda ya leƙo ya karanta, shi ya sani.

Inna, ba ni da lafiya. Ƙodata ce ta daina aiki, yau shekara biyu. Da kumburin ƙafa abin ya fara, na ce gajiyar kasuwa ce. Na sha sassaƙe, na sha jiƙo, har ranar da na faɗi a rumfata a Rogo da kwanon awo a hannu. A Kano likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ƙodar ban sani ba, kuma daga yanzu sai dai wanki.

Na san za ki ce wane irin wanki kuma. Wata na'ura ce, Inna. Ana soka mini allura biyu a hannun hagu, jinina ya bi ta roba ya shiga cikinta, ta tace shi kamar yadda kike tace gasara, sannan ya dawo jikina. Awa huɗu ina kwance ina kallon jinina yana yawo a waje. Litinin da Alhamis, kowane mako, ba hutun salla, ba na damina. In na tashi a kai sai in ji jikina wasai. Bayan kwana uku kuma dattin ya sake taruwa.

Ruwa ma an auna mini. 'Yar gora ɗaya ce rabona daga safe zuwa safe. An hana ni nono, an hana ni fura, ni da na tashi a gidan da ba a san a karya da wani abu ba sai su. Wani lokaci in surukarki Binta tana dama wa yara, sai in fita zaure, don ƙamshin kaɗai yana sa ni jin haushin kowa.

Amma ba ƙishirwa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Kuɗi ne. Kowane wanki sai an biya kafin a jona mutum. Ga allurar ƙarin jini, ga gwaji, ga magani, ga kuɗin mota daga Rogo zuwa Kano da dawowa. Ni da na yi shekara ashirin ina auna wa mutane dawa da gyaɗa, sai ga shi na koma auna kwanakina. Babur ɗina ya ba ni mako biyar. Shanun huɗan nan biyu da kika sani sun kai ni daga kaka zuwa bazara. Gyaɗar da na ɓoye ina jiran ta yi tsada, a araha na sake ta. Daga ƙarshe rumfar ma ta tafi. Yanzu in na wuce ta kasuwa wani ne a zaune a kan buhuna, har yana yi mini tayin wurin zama.

Kada ki ce 'yan'uwa ba su yi ba. Sun yi, wallahi. A watannin farko gidan nan cika yake da 'yan dubiya, kowa in zai tashi sai ya tura wani abu ƙarƙashin matashi. Sai dai mutanenmu sun saba da ciwon da ake yi a warke, ko a yi a tafi. Wannan da ba ya warkewa, kuma ba ya sakin mutum, ba su san yadda za su yi da shi ba. Sawu ya yi ta raguwa. Ban ga laifin kowa ba, kowa da abin da ke gabansa. Ni ma kuma duk wanda ya tambaye ni jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi, alhamdu lillahi.

A ɗakin wankin mun san juna, kusan mun zama dangi. Akwai wani dattijo da gadonsa ke kusa da nawa, mai barkwanci, kullum yana tsokanata wai Bafillace ba nono ai ya zama Bahaushe. Wata Litinin na zo na tarar da wani a gadonsa. Wata mata da ke gefe ta yi ƙasa da murya ta tambayi ma'aikaciyar jinya, "Kwana ne ya ƙare ko kuɗi?" Ma'aikaciyar ta ci gaba da gyara roba. Tun ranar tambayar nan take bina. Ina salla tana nan, ina cin abinci tana nan. Ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron ranar da za a ce ga na'ura, ga gado, amma babu abin biya.

To Inna, ranar ta matso. Muka duba gidan ni da Binta, babu sauran abin ɗagawa. Abu ɗaya ya rage, kuma dukanmu mun san shi, babu wanda ya furta: saniyar Ummi.

Kin tuna ranar sunanta? 'Yar fari ce a wurina kamar yadda nake ɗan fari a wurinki, kuma sunanki aka sa mata, Hauwa'u, shi ya sa muke ce mata Ummi. Ranar ina zaure ina sunkuyar da kai, ko kallon jaririyar ban yi ba, don kada a ce ba ni da kunya. Sai ga ƙaninki Kawu Jauro ya taso tun daga Yammedi, yana janye da karsana fara mai baƙin kunne. Ya ce wa jama'a, "Yaya ta ce wannan ta takwararta ce." Aka yi ta guɗa a cikin gida. Ni kuwa, bari in faɗa miki gaskiya yau, sai da wani abu ya ɗan soke ni. Na ce a raina, ni da aka haifa ko ɗan akuya ba a taɓa ba ni ba, ga wadda ta zo jiya an ba ta saniya.

Da aka yaye ta kika ɗauke ta, ta tashi a ɗakinki. Ke da ba ki taɓa goya ni a gaban mutane ba, sai ga ki da ita a baya har kasuwa. Tana ja miki ɗankwali, kina ce mata kishiya, kuna faɗa a kan wa zai ci ƙanzo. In na zo gaisuwa in gan ku, sai in rasa ko daɗi nake ji ko kishi.

Ni kuma na riƙe mata kunyar da kika riƙe mini. Ban taɓa kiran sunanta ba, ko na gaskiya ko na laƙabi. In ina son ruwa tana wurin, sai in ce, "Wa ke nan?" In zan ba ta kuɗin makaranta, Binta nake ba. In ta gaishe ni daga nesa, in amsa ina kallon rediyo. Shekara ashirin da biyu haka muke, kuma a ganina hakan shi ne mutunci.

Karsanar nan ta yi albarka a garken Kawu. 'Ya'yanta ne suka biya wa Ummi sakandare, suka kai ta makarantar koyon aikin jinya a Zariya. Yanzu saura jikarta ɗaya, ita ma fara mai baƙin kunne, da maraƙa guda da ba a daɗe da yayewa ba. Kowa ya san an ajiye saniyar ne don kuɗin shekarar ƙarshe. Shekara ɗaya ta rage wa yarinyar nan ta zama wani abu.

Ki gaya mini, Inna, da wane baki zan tambaye ta? Yarinyar da ban taɓa cewa ta miƙo mini buta kai tsaye ba, in buɗe baki karon farko in ce ta ba ni karatunta in saya wa kaina mako shida? Kuma kyautarki ce, daga hannunki zuwa nata. Na ga ba ni da hurumi a ciki.

Sai na yi dabara irin ta 'yan kasuwa. Na ce tun da kuɗin da ya rage ba zai kai wanki biyu a mako ba, bari in rage mudu. In je Litinin, in bar Alhamis. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis sai in shirya kamar kullum, in ɗauki 'yar jakata da gorar ruwana, Binta ta raka ni zaure da addu'a. In hau motar Kano, amma in mun zo Ƙaraye sai in ce wa direba ina da uzuri, in sauka. Akwai wata darbejiya a gefen masallacin da ke kusa da tasha. Nan nake wuni da carbi a hannu, ina kallon masu acaɓa suna faɗa a kan fasinja. In la'asar ta yi sai in shiga kemis in sayi auduga da filasta, in manna a hannun hagu daidai inda ake soka allura, in hau mota in koma gida. Binta ta ce, "Sannu, ya aka ji da jiki?" In ce da sauƙi. Dubi ɗanki, Inna, da furfura a gemu, yana wasan ɓuya kamar ɗan makarantar da ya gudu daga aji.

Alhamis uku na yi haka. A ta biyu takalmina ya fara matse ni. A ta uku ba na iya kwanciya sai a jingine, numfashi yana yi mini wuya kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. Jikina ƙaiƙayi, bakina ɗaci, abinci in na gani sai tashin zuciya. Na san abin da nake yi wa kaina. Amma duk lokacin da tsoro ya kama ni, sai in tuna Ummi cikin fararen kayan aiki, in ce ai ba a banza ba.

Ashe Binta ta gane tun makon farko. Ta ce filastar asibiti fara ce, tawa kuwa ruwan ƙasa, kuma audugar ko ɗigon jini babu. Kin san surukarki, ba ta iya tsayawa ta yi gardama da ni. Sai ta bi ta bayan gida, ta sa aka tambayi direba, ya ce ai Malam a Ƙaraye yake sauka. Daga nan ta buga wa Ummi waya.

Alhamis ta huɗu, ina zaune gindin darbejiyar wajen hantsi, na ga wata ta sauko daga mota da jaka a kafaɗa, ta nufo ni. Sai da ta matso na gane ta. Na so ƙasa ta tsage. Ta durƙusa daga ɗan nesa kamar yadda ta saba, ta ce, "Baba, ina kwana." Na amsa ina kallon masallaci.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta matso har gabana, ta zauna a ƙasa, ta cire mini takalmi da hannunta, a gaban 'yan tasha da masu sayar da rake. Ta sa babban yatsanta ta danna ƙaurina, ta ɗauke. Ramin ya tsaya, bai ciko ba. Muka zuba masa ido ni da ita. Sannan ta ɗago ta kalle ni cikin ido, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Baba, ruwan nan in ya kai huhu, ba a jiran Litinin."

Na ce wa iska, don ban iya ce mata ba, "A gaya wa mutane su koma makaranta, ba a aike su ba."

Ta ce, "Na riga na yi magana da Kawu Jauro. Dillali ya ga saniyar, ya ba da kafin alƙalami, yana cikin jakar nan. Tashi mu tafi Kano."

A nan ne kunyar shekara ashirin da biyu ta karye, kuma da faɗa ta karye. Na juyo na fuskance ta, na ce ba zan ci karatunta ba. Na ce saniyar nan ba tawa ba ce, kakarta ce ta ba ta, ni ban da gashi ɗaya a jikinta. Na ce mako shida kawai za ta saya mini, bayan nan fa? Ta rasa makaranta, ta rasa uba, ta tashi a tutar babu. Numfashi yana yankewa, amma sai da na kai ƙarshe.

Ta bari na gama. Sannan ta ce akwai saƙon da kika bar mata, kika ce kada ta faɗa sai ranar da ya zama dole. Ta ce a ciwonki na ƙarshe, wata rana tana shafa miki man zafi a ƙafa, kika ce mata:

"Ke kishiya, saniyar nan da ake cewa taki ce, riƙo na ba ki. Ta wancan ce, mai rumfa a Rogo. Ban taɓa iya miƙa masa komai da hannuna ba, shi ya sa na bi ta kanki. Ki ci albarkacinta, amma ranar da kika ga ya shiga matsi, ki kai masa abinsa. Kada ki jira ya tambaya. Ba zai tambaya ba, halina ya ɗauko."

Inna. Wancan mai rumfa a Rogo. Ko a nan ma ba ki faɗi sunan ba.

Na yi kuka a tashar Ƙaraye, da rana tsaka, hula a hannu. Ban yi irinsa ba ko ranar da muka binne ki, don ranar ma kunya na ji, na bar wa ƙannena kukan. Shekara ashirin da biyu ina ɗauke da ɗan ƙullin nan na ranar suna, ashe karsanar da Kawu ya janyo ta wuce ni a zaure, wurina aka aiko ta. Sai abubuwa suka yi ta dawo mini. Furar da nake tararwa a jakata in zan koma makarantar kwana, a ce wai Goggo ce ta sa. Lokacin da na yi ƙyanda a ɗakin kaka, da nake ganin inuwar mutum a bayan danga kullum da yamma, ba ta shigowa, ba ta tafiya. Ke ce, ko ba ke ba ce?

A ranar aka jona ni. Ma'aikaciyar ta yi mini faɗa sosai, ta ce saura ƙiris. Ummi ta zauna a kujerar gefen gado awa huɗu cur, tana duba na'urar kamar ita ta ƙera ta. Can wajen ƙarshe sanyi ya kama ni, ina son a ja mini bargo. Na buɗe baki zan ce "Wa ke nan?" sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Hauwa'u, rufa mini." Ta yi tsai kamar ba da ita nake ba. Sannan ta tashi ta rufa mini har wuya, ta daɗe tana gyara gefen da ba ya buƙatar gyara. Ki yafe mini, na kira sunanki a gaban mutane.

Kawu Jauro ya zo gida bayan an sayar da saniyar. Ya tsufa, Inna, sai da sanda. Ya zauna ya yi mini tatas. Ya ce shi ma kin gaya masa tun ranar suna cewa saniyar tawa ce, kuma sau nawa yana aiko a tambaye ni jiki ina cewa da sauƙi. "Da sauƙi, da sauƙi, har ka kusa kai kanka kabari da sauƙinka! Ku dai jinin Yaya sai addu'a." Ya ce maraƙar tana nan ɗaure a dangwali, ba mai taɓa ta, ita ma baƙin kunne gare ta.

Ba zan yi miki ƙarya in ce komai ya daidaita ba. Kuɗin saniyar yau mako biyu ke nan muna ci, saura kamar huɗu. Kuɗin makarantar Ummi ba a biya ba, an ɗaga mata ƙafa zuwa ƙarshen zango, kuma ban san ta inda zai fito ba. Tambayar matar nan ta ɗakin wanki har yanzu tana zuwar mini. Bambancin kawai, yanzu ba ni kaɗai nake ɗauke da ita ba. Mukan zauna mu uku a tsakar gida, ni da Binta da Ummi in ta zo, mu faɗi abin da ya rage da abin da babu, da baki, ba da ido ba. Wanda kuma ya tambaye ni jiki, ina gaya masa yadda yake. Ranar farko da na yi haka a masallaci sai da gumi ya karyo mini, amma ban mutu ba.

Ban ce kunyarki kuskure ba ce, Inna. Haka kika tarar, haka kika riƙe, kuma a cikinta kika nemo hanyar da za ki so ni. Ni ne na ɗauki kunyar na bar dabarar.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya yalwata kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Ya ba duk wanda ke kwance a kan na'urar nan lafiya da abin biya, Ya sa kada kuɗin kowa ya riga kwanansa ƙarewa. Ya buɗa wa takwararki hanya ta gama karatunta. In kuma lokacina ya yi, Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu a inda babu sauran kunya tsakanin uwa da ɗanta, ko sau ɗaya in ji yadda sunana yake a bakinki.

Saƙonki ya iso, Inna. Ya daɗe a hanya, amma ya iso hannuna. Na karɓa, na gode.

Ɗanki na fari,
wancan mai rumfa a Rogo,
Auwalu